Gershon Kan Jirgi Bai Sha Ba

Ranar Talata, 11 ga Maris 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Gershon Zamani rasuwa a gidansa da ke Takau a Kafanchan, yana da shekara sittin da biyu a duniya. Masu bin damben zamani sun fi saninsa da Kan Jirgi. Matarsa Regina ce ta kira ni a waya, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Tica, abokinka ya huta." Na ajiye wayar na zauna a bakin gado.

Sunana Silvanus, tsohon malamin firamare, tare muka tashi da marigayin a barikin ma'aikatan jirgin ƙasa. Ranar jana'iza na roƙi a ba ni dama in yi magana a kansa, aka ce tsarin sujada ya cika. Shi ya sa nake wannan rubutu. A gaban akwatin gawarsa aka sanar wa jama'a cewa ya tuba daga shan giya kafin ya cika, majami'a ta ɗauki Halleluya. Gershon bai taɓa shan giya ba. Shekara bakwai ya yi yana neman a yarda da wannan magana guda, ya mutu ba a yarda ba, ni kuwa ba zan yi shiru a bar shi a ƙasa da sunan da ba nasa ba.

Gershon, bari in fara daga inda muka fara. Mahaifinka shi ke zuba kwal a kan jirgi, nawa kuma yana sayar da tikiti, ƙofar ɗakunanmu na kallon juna. A kulob ɗin ma'aikatan jirgi akwai wani tsohon direba, mutumin Kalaba, da ya rataye buhun yashi a reshen ɗorawa yana koya wa yara dambe da yamma. Rana ɗaya muka je. Aka sa mana safar dambe da ta fi kawunanmu girma, aka ce mu gwada juna. Naushi ɗaya ka yi mini a hanci, na ga jini a rigar makarantata, tun daga nan na gane cewa alli ne rabona. Ka bi ni har gida kana ba ni haƙuri, kana kuka fiye da ni. Har muka tsufa, in muka yi gardama na fi ka baki, sai ka ce ai kai ka mai da ni tica, in riƙa girmama ka.

Salon dambenka ba shi da ado. Gaba kawai ka sani. Ka sauke hannu, ka sunkuyar da kai, ka karɓi naushi uku don ka samu ka ba da ɗaya, wannan ɗayan kuwa wanda ya same shi ba ya neman na biyu. 'Yan kallo a Kaduna suka sa maka Kan Jirgi, don ba ka ja da baya kuma ba ka kaucewa. Na sha gaya maka ka ɗaga hannu ka tsare fuskarka. Kai kuma ka yi dariya ka ƙwanƙwasa goshinka ka ce wannan dutsen Kagoro ne. Masu shirya wasa sun fi kowa jin daɗin wannan magana, domin jama'a na cika fili su ga mutumin da ake duka ba ya faɗuwa.

Daga wasannin makarantu ka shiga na jiha, daga nan Legas ta ɗauke ka, ka mai da dambe sana'a. Ka yi wasa a Ibadan da Fatakwal, ka ƙetara Akara da Abijan. Ranar da ka ci kambin ajinka a Legas, mun taru a kulob ɗin nan muna saurare a rediyo, batir yana ƙarewa, wani yana ta lasar waya yana murɗa ta. Turmi goma sha biyu kuka yi. Ka dawo a jirgi da ido ɗaya a rufe, mutanen gari suka ɗauke ka a kafaɗa tun daga tasha har gida. Lahadin da ta biyo baya ka kai ɗamarar kambin da ka ci zuwa majami'a don godiya. Dattawa suka zaunar da kai a kujerar gaba kusa da fasto, aka yi maka addu'a ta musamman, kai kuma ka sayi kwanon da aka rufe sabon ginin majami'ar da shi. Wasu daga cikin waɗanda suka yi ta shafa ɗamarar a ranar suna nan da rai, ina ganinsu kowace Lahadi.

Abin da rediyo ba ta faɗa mana ba shi ne yadda ake mai da kai fili kafin kumburin wasan baya ya saɓe. Ba likitan da ya taɓa duba kanka. In ka ce kana ganin abu bibbiyu, sai a ba ka ƙwayar ciwon kai a ce ka kwanta. Shekara goma sha biyu ka yi a haka. Wasanka na ƙarshe da wani yaro ne da ka girme shi nesa, ya yi ta dukanka har alƙalin wasa ya shiga tsakani, kana tsaye da ƙafarka kana neman inda kusurwarka take. Ko a ranar ba ka faɗi ba, kuma har ka mutu kana alfahari da wannan. Ni dai da ka faɗi tun a turmi na uku da ya fi mini.

Ka dawo gida ba hayaniya. Ka kama noman citta a gonar mahaifiyarka, kana koya wa yaran unguwa dambe a bayan gida, kuma ka karɓi aikin buga ƙararrawar majami'a, wani guntun ƙarfen layin dogo da aka rataye a bishiya. Duk Takau da bugunka ake sanin lokacin sujada ya yi. Lokacin haƙar citta, sai ka fara kwashe buhunan gwauraye mata zuwa bakin hanya kafin ka taɓa naka, Regina tana faɗa tana cewa nata buhunan ba su da miji ne. Wata rana a tashar mota wani kwandasta ya ɗauke ka da mari a kan kujera, bai san ko wane ne kai ba. Ina tsaye kusa da kai, na rufe ido ina jiran in ji ƙarar faɗuwarsa. Da na buɗe, sai na ga ka zura hannuwanka biyu a aljihu. Ka ce da shi ya yi haƙuri, ka sauka ka jira mota ta gaba. A hanya ka gaya mini cewa hannun da aka biya kuɗi a kalla ba a kai shi tasha kyauta, muka yi ta dariya har Kwoi.

Giya kuwa, tun muna samari ka yi rantsuwa a kanta. Ita ta kori mahaifinka daga aiki, ka ga abin da ta yi wa gidanku. A Legas abokan wasanka suna yi maka ba'a suna kiranka fasto, domin ko ranar da ka ci kambi kunun zaƙi ka nema. Abu ɗaya ne ba ya barin bakinka, busasshiyar citta. Tsohon kocinka ya ce tana buɗe maƙogwaro, ka saba taunarta, kullum akwai gutsure a aljihunka.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko harshenka ya yi nauyi, magana tana fita a haɗe. Sai tafiya ta canja, kana jan ƙafa, kana karkacewa, in ka juya da sauri sai ka dafa bango. Hannu ya soma rawa. Wani lokaci ka tsaya tsakiyar magana kana kallon mutum ka manta abin da kake faɗa. Wanda bai san tarihinka ba, in ya gan ka daga nesa, zai iya zaton komai. Amma mutanen garinmu sun san tarihinka, su suka ɗauke ka a kafaɗa.

Ga kuma Samson. Shi ne abokin atisayenka a Legas, mutumin ƙauyenku, wanda kuka yi shekaru kuna dukan juna kafin kowane wasa. Ya dawo da ido ɗaya a mace, ba mata ba sana'a, ya faɗa burukutu. Duk ranar kasuwa sai ya sha ya kwanta a gidan da ake dafawa, yara suna jifansa. Kai ka ɗauki nauyin zuwa ka kwaso shi. Ka shiga gidan da kanka, ka ɗaga shi, ka rataya hannunsa a wuyanka, ku bi ta bakin kasuwa har ɗakinsa, ka cire masa takalmi ka ajiye masa ruwa. To, ga mutum biyu sun fito daga gidan burukutu suna tangaɗi, ɗaya giya ce ke kaɗa shi, ɗaya kuma naushin shekara goma sha biyu. Masu kallo ba su tsaya bambancewa ba. Na ce maka ka aiki wani ya riƙa ɗauko shi. Ka ce rabin dukan da ya kashe masa ido daga hannunka ya fito, ba za ka aika kowa ba.

Rahoto ya kai ga dattawan ikkilisiya. Suka zauna, suka kira ka, ka yi musu bayani da wannan harshen naka mai nauyi, bayanin ma ya zama shaida a kanka. Lahadi ta gaba aka sanar an sa ka a horo. Ga wanda bai san tsarinmu ba, mai horo yakan zo sujada amma ya zauna a bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya riƙe kowane aiki, har ranar da zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi laifinsa da bakinsa ya ce ya tuba. Ba na faɗa da tsarin. Na ga mutanen da ya gyara. Amma an yi shi ne don mai laifi, ba wanda ya tanadi ƙofar fita ga wanda aka sa bisa kuskure. Aka karɓe sandar ƙararrawa daga hannunka. Iyaye suka janye yaransu daga bayan gidanka, buhun yashin ya yi ta rataye har ruwan sama ya ruɓar da shi.

Na je wurin Dattijo Azariya, shugaban dattawan, mutumin da muka koyar a makaranta ɗaya. Na ce masa abu mai sauƙi ne, duk ranar da suka gan ka kana tangaɗi su zo su shinshina bakinka. Ya ce ai sun yi, citta suka ji.

"Kai ma ka sani, Tica," in ji shi, "duk mai sha a garin nan citta yake taunawa don ya ɓoye wari."

Na ce kana taunar citta tun kafin a naɗa shi dattijo. Ya ce to wannan ya nuna abin ya daɗe. Na fito daga gidansa raina a ɓace har na manta hulata a can, kuma ban koma ɗauka ba.

Muka kai ka asibiti a Jos, ni da Regina. Likita ya sa ka yi tafiya, ya sa ka taɓa hancinka da yatsa, ya tambayi sana'ar da ka yi. Da ya ji, sai ya gyaɗa kai. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ta ji jiki, ba a warkewa, kuma abin gaba zai yi. Na dawo da wannan magana ga dattawa ina murna, wai ni na kawo ƙarshen zance. Suka saurara da ladabi, suka ce Allah ya sawwaƙe, sa'an nan suka ce ciwo ba ya hana mutum sha, likitan Jos kuma ba ya zuwa kasuwarmu. Wani daga cikinsu ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiyar abin: in suka janye horon ba tare da ka furta ba, kowa zai ce dattawa sun yi kuskure, gobe ba wanda zai ji tsoron horo. Wato an san akwai shakka. An dai ga ya fi sauƙi ka ɗauki kunyar kai kaɗai.

Aka ce hanya a buɗe take, ka tsaya ka ce ka sha, ka tuba, a rungume ka a ranar. Regina ta roƙe ka, kuma ba na ganin laifinta ko kaɗan. Ita ce ake yi wa shiru in ta shiga taron zumuntar mata, ita ce ake tambaya a kasuwa ko maigida ya farfaɗo. A gabana ta durƙusa ta ce, "Baban Dinah, wannan magana ya ishe ni. Ka faɗa kawai, Allah ya san gaskiya, mu huta." Ka daɗe kana haɗa kalmomin, muna jira.

"In na ce na sha," ka ce, "da ƙarya zan je teburin Ubangiji. Gara in zauna a baya."

Ka zauna a baya. Ba ka fasa sujada ko sau ɗaya ba, ba ka koma wata ikkilisiya ba duk da na ba ka wannan shawara cikin fushi. Ranar Jibi, in an fara zagayawa da gurasa da ƙoƙo, ina waiwayawa in gan ka ka sunkuyar da kai, hannuwanka na rawa a kan gwiwa. Masu rabo sukan juya tun kafin su kai bencinka. Wata rana bayan sujada ka tambaye ni ko har yanzu gurasar irin ta dā ce, mai ɗan zaƙi. 

Da auren 'yarka Dinah ya zo, aka ce mai horo ba zai shigo da amarya ba. Ƙanenka ne ya riƙe hannunta, kai kana baya cikin sabuwar rigar da Regina ta ɗinka maka, kana leƙe ta tsakanin kawunan mutane. Dangin ango da suka zo daga Sabon Tasha suna tambayar ina uban amarya, ana yi musu raɗa. Dinah ta yi kuka tun daga ƙofa har gaban bagadi, mutane suna cewa kukan rabuwa da gida ne.

Sau ɗaya ka yi ƙoƙarin kare kanka a fili, a taron ikkilisiya na ƙarshen shekara, lokacin da aka ba kowa damar magana. Mun yi kwanaki muna shirya abin da za ka faɗa, jimla huɗu kacal. Ka miƙe, ka dafa benci, ka fara. Harshen ya ƙi. Wasu matasa suka ƙyalƙyale da dariya, wata mata ta ce ko a nan ma bai bari ba, mai tsaron ƙofa ya zo ya kama hannunka ya fitar da kai a hankali. Kai da ba wanda ya taɓa fitar da kai daga fili, ka bi shi ba musu. Na tashi na yi magana mai zafi a ranar, aka ce in zauna ko ni ma a duba batuna.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana sabon fasto, Rabaran Ishmael, matashi mai hankali. Ya zo gidanka, ya zauna da kai, ya fito ya gaya mini cewa wannan mutum ciwo ne ke damunsa. Na ce to ya faɗa a bagadi. Ya ce sai dattawa sun yarda, shi baƙo ne, a ba shi lokaci. Aka sa batun a taro, aka ɗaga. Aka sake sawa, gyaran rufin ofis ya cinye lokacin. Aka kafa kwamiti. Kai kuwa ciwo bai jira kwamiti ba. Ka daina zuwa gona, ka daina iya zuwa ɗauko Samson, daga baya ka kwanta. Magana ta ɗauke gaba ɗaya. Kanka ya kama rawa, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ba ya tsayawa sai ka yi barci, kuma duk wanda ya shiga ɗakin ya san haka.

Cikin watan Fabrairu, da aka ga alamar tafiya ce, sai ga su sun zo da rana, fasto da Dattijo Azariya, da gurasa da ƙoƙo a cikin faranti an rufe da farin ƙyalle. Ina ɗakin. Na ga idonka ya sauka a kan farantin, na ga yadda fuskarka ta yi haske. Na ce a raina, Allah na gode, ko a makare ne an zo. Sai Azariya ya tsuguna kusa da kai ya ce dole a cika ƙa'ida. Ya ɗaga murya ya tambaye ka ko ka yarda ka sha giya, ko ka tuba. Kanka yana abin da ya saba yi, sama da ƙasa. Azariya ya juyo ya kalli fasto ya ce, "Ya amsa."

Na ce ƙarya ne, kan nan haka yake yi tun bara. Fasto ya dubi ƙasa. Azariya ya ce kada in hana mutum alherin Allah a kan gadon mutuwarsa. Ya gutsuri gurasar ya kai bakinka.

Ka rufe baki. Muƙamuƙin nan da ya sha naushin Legas da Akara ya datse, hawaye na gangarowa zuwa kunnenka, idonka na kan gurasar da ka yi shekara bakwai kana marmari. Azariya ya gwada sau biyu. Regina ta tashi ta riƙe hannun Azariya ta ce, "Baba, ya isa. Ku tafi da shi." Suka rufe farantin suka fita. A ƙofa na ji yana gaya wa fasto cewa ciwo ne ya hana ka haɗiya, amma furci ya riga ya samu. A wannan karon ya yarda akwai ciwo.

Da wannan furcin da ba ka yi ba aka shigar da akwatinka majami'a, aka ajiye ka a gaba. Aka yi wa'azi a kan ɓataccen da ya dawo gida. Aka ambaci dambenka a jimla ɗaya, aka ce ƙuruciya ce. Da aka sanar da tubanka, na dubi Regina, tana zaune ta ƙura wa ƙasa ido, Dinah ta toshe bakinta da gyale.

A bakin kabari, ana shirin zuba ƙasa, Samson ya kutsa ta cikin mutane. Ya yi wanka, ya sa tsohuwar rigarsa ta atisaye, kuma na tsaya kusa da shi, na san bai sha komai ba a ranar. Ya ce, "Ni ne mai sha. Shi zuwa yake ya ɗauke ni. Ko ruwan gidan bai taɓa sha ba." Wani ya ce a janye shi, ya bugu. Matasa biyu suka kama shi suka kai shi gindin bishiya, mawaƙa suka ɗaga murya, aka ci gaba.

Ba na neman a tsige kowa. Dattijo Azariya tsoho ne kamar ni, dukanmu muna kan layi. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma zan ci gaba da nemansa a kowane taro har a gaji da ni: a tsaya a bagadin da aka sanar da horon, a ranar Lahadi, a gaban jama'ar da suka ji na farko, a ce Gershon Zamani bai sha ba, mun yi kuskure. Jikokinsa suna tasowa a garin nan, ana nuna su ana cewa jikokin mashayin nan da ya tuba. Rabaran Ishmael, kai ka san gaskiya, ka faɗa mini da bakinka a ƙofar gidansa. Yanzu ba baƙo ba ne kai.

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga gidan burukutu a karo na farko a rayuwata, na ɗauko Samson. Nauyinsa ya fi ƙarfina, gwiwata ba ta da kyau, mun yi ta karkacewa a bakin kasuwa mutane suna kallo. Sai a ranar na san abin da kake ɗauka da wannan jikin naka. Wanda ya gan mu yana son kai rahoto, ya san gidan shugaban dattawa.

Ubangiji Allah, mai ganin abin da ke ɓoye, ya ji ƙan bawansa Gershon, ya gafarta masa kurakuransa na gaskiya, domin shi ma ɗan Adam ne, yana da taurin kai da ya isa mutum uku. Ya ba shi sabon jiki marar rawa da harshe mai sauƙi, ya karɓe shi cikin hutawar Yesu Almasihu. Ya gafarta wa waɗanda suka yi masa wannan abu, ya ba su ƙarfin halin gyarawa tun suna da numfashi, ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu ba ta sanyaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Regina, wadda ta yi jinya ta kuma sha kunyar da ba tata ba, ga Dinah da mijinta da 'ya'yansu, ga ƙannen marigayi da dukan gidan Zamani, ga Samson, da tsofaffin 'yan damben da suka zo daga Kaduna suka tsaya a rana. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare bayansa. Dinah, in yaranki suka girma suka tambaye ki, ki gaya musu kakansu ya ga gurasar a bakinsa, yana sonta, ya ƙi karɓa da ƙarya.

Ka huta, Gershon. Teburin da ka tafi, Mai teburin ya san ba ka sha ba.